Igiyar Shekarau da Ƙulli Ukun da Suka Kuɓuce

Ina neman afuwar mai karatu tun daga farko. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yanzu alƙalami yana yi mini nauyi fiye da fartanya. Na rubuta wannan tatsuniya ne domin jikokina, waɗanda suka tambaye ni dalilin da ya sa yaro yake kama da iyayensa, amma ba sak ba.

A can zamanin da, a wani gari na gefen fadama, ba haka abin yake ba. Ɗa namiji yakan fito da fuskar ubansa cif, mace kuma ta uwarta. Kowane mutum yana da igiyarsa ta rama mai tufka biyu, cike da ƙulle-ƙulle masu launi huɗu: fari yana fuskantar baƙi, ja yana fuskantar shuɗi. Idan ciki ya kai wata bakwai, sai a kai igiyar iyaye wurin wata mata mai suna Tabawa. Takan warware tufkar, ta bi kowane zare tana yi masa sabon aboki, ƙulli da ƙulli, har igiya ɗaya ta zama biyu, ɗaya ta zama ta jaririn. Daga nan mijinta Shekarau ya karɓa, ya bi da yatsa daga kai har wutsiya. In ya ji kuskure, ba ya faɗa, sai dai ya yi tari.

"Wannan tarin naka ba ya warkewa ne?" in ji Tabawa.

"Ranar da kika daina haɗa ja da fari, zai warke."

Shekara goma sha biyu suna haka, suna tufka wa mutane 'ya'ya, su ba su da ko ɗaya. Da ciki ya zo wa Tabawa, yana wata biyar, sai zazzaɓi ya kayar da Shekarau, ya rasu da hantsi. Al'adar garin kuwa, ana binne mutum da igiyarsa, kuma ba a barin gawa ta wuce faɗuwar rana. Ba shi da ɗa, ba shi da ƙane. In igiyar ta shiga ƙasa ba a kwafe ta ba, ba za a sake ganin fuskarsa ba har abada.

Tabawa ta durƙusa gaban surukarta, tsohuwa Ladingo, ta ce, "Inna, a ba ni aron igiyar maigida kafin a gama haƙa kabari."

"'Yar nan, aikin kwana uku ne. Wa zai duba miki?"

"Ni zan duba."

Ladingo ta kwanto igiyar da hannunta, ta ce, "Zan sa masu haƙa su yi a hankali. Rana ce ban isa in tsayar ba."

Tabawa ta zauna a gindin rumbu, ta warware tufkar, tana murza rama a cinya. Hawaye suna rufe mata ido, baƙi da shuɗi suna zame mata ɗaya. Sau da yawa takan dakata, tana jiran ta ji tari a bayanta, sai ta tuna. Inuwar rumbu ta miƙe har ta taɓa danga. Aka aiko sau biyu. A na uku dattawa da kansu suka tsaya a ƙofa, ta ɗaure ƙullin ƙarshe, ta miƙa musu ɗaya daga cikin igiyoyin biyu, ba ta sami damar gwada su ba.

Bayan wata huɗu ta haifi namiji, aka sa masa Barmo. Goshin na Shekarau ne, kunnuwan ma haka. Amma da haƙora suka fito, sai ga wushirya, abin da ba a taɓa gani a garin ba. Da ya fara cin tuwo, ya miƙa hannun hagu. Da ya yi dariya, ba ta ubansa ba ce, ba ta kowa ba ce. Tabawa ta ɗauko igiyar, ta bi ta da yatsa har ta gaji, ba ta gane inda ƙulli ukun da suka jawo wannan bambancin suke ba, don abin da za ta gwada da shi yana ƙarƙashin ƙasa.

Ta ce wa surukarta, "Inna, ba shi ba ne. Na ɓata shi da hannuna."

Ladingo ta ɗora yaron a cinya, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ba shi ba ne. Wancan na san shi shekara arba'in. Wannan sabon mijin nawa bahago, sai mu zauna mu koye shi."

Barmo ya girma ya gaji aikin dubawa. Yana da kula ƙwarai, cikin ƙulli dubu da wuya ɗaya ya wuce shi, amma yatsunsa ba su kai na ubansa ba.

Shi ya sa har yau ake cewa yaro ya ɗauko hancin kakansa, amma ba a cewa kakan ne ya dawo. Wani kuskuren yakan tsaya a wushirya ko yatsa na shida, wani kuma yakan zo da ciwon da iyaye za su yi ta jinya. Wata ma'aikaciyar asibiti ta taɓa gaya mini cewa a cikin ƙwayoyin jikinmu akwai zare mai tufka biyu da ake warwarewa a kwafa, da masu bi suna gyara, kuma wani lokaci abu yakan kuɓuce musu. Wannan ilminsu ne, nawa tatsuniya ce, Allah kuma Shi ne masani.

Inda na yi kuskure, ina roƙon masu karatu su gyara mini, domin na rubuta ne ni kaɗai.