Ƙauyen da Ya Ƙi Yin Zafi

Akwai wani dattijo, jama'ar wannan shafi, da ake kira Ammu Shahat, wato baffa Shahat, a ƙauyen dabino na Ainu Salma, can cikin saharar Masar ta yamma. Na daɗe a yankin, na sha shayinsa ba sau ɗaya ba, baƙi ƙirin, sai ka yi ta maza kafin ka haɗiye. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne, kula da tashar auna yanayi da ke bakin gari.

Kada ku ji an ce tasha ku zaci wani gini ne. Farin akwatin katako ne mai ƙafa huɗu, iska na ratsa shi, ma'aunan zafi na ciki, an kewaye shi da waya. Kullum Ammu Shahat zai buɗe ya rubuta iyakar zafin rana da iyakar sanyin asuba. Ƙarshen wata a tura birni a fitar da matsakaicin watan.

A ofishin birni akwai wata ma'aikaciya, Nirmin. Aikinta tace waɗannan alƙaluma. Takan gwada kowace tasha da maƙwabtanta, in an taɓa matsar da akwati ko an canza ma'auni, sai ta daidaita lissafin don kada a ɗora wa sararin Allah abin da hannun mutum ya yi.

Wata rana ta shiga wurin shugabanta, Ustaz Midhat.

"Ustaz, Ainu Salma ta ɗaure min kai. Duk tashoshin yankin zafinsu ƙaruwa yake, ita kaɗai take yin sanyi. Shekarun nan bazararta ta gaza ta maƙwabtanta da fiye da digiri guda."

Ustaz Midhat ko kai bai ɗago ba. "Wannan ai ba sai an buga ƙasa ba. Tsoho ne yake tsoron rana. Yana kwance ƙarƙashin fanka yana ƙirƙiro lamba. Ki gyara da kwamfuta, ki rubuto min rahoto cewa ƙarya yake shirgawa, a sallame shi."

Ku ji fa. Mutumin da watanni suka rage masa ya yi ritaya, wanda a ƙauyensu shi ake kira shaida in za a ɗaura aure ko a raba iyakar gona, shi za a sallama da tambarin maƙaryaci. Wallahi ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ita kuwa Nirmin irin mutanen nan ce da in abu ya shige musu duhu ko abinci ba ya yi musu daɗi.

"To amma Ustaz, mai ƙirƙira ai yau zai zarce, gobe ya gaza. Wannan kullum ƙasa yake yi. Lambobin asuba daidai suke, na hunturu ma daidai. Kuma akwai Agustan shekarar da ta wuce waccan, wata guda cur, ya yi daidai da maƙwabtansa. Wane irin maƙaryaci ne yake tuba wata ɗaya ya koma? Bari in je in gani."

"Ke dai kina son yawo," in ji shi. "Je ki. Amma in kin dawo rahotona nake so."

Ta kwana a hanya, ta sauka da hantsi. Ammu Shahat ya tarbe ta da dabino da shayi, jikinsa a sanyaye, don labarin rahoton ya riga ta isowa.

"Bashmuhandisa," in ji shi, don haka suke kiran injiniya, "ga makulli. Ki duba duk abin da kike so, 'yata."

Ta gwada ma'aunansa da nata, lafiya lau suke. Ta sa shi ya karanta a gabanta, idonsa garau. Sai da ta sunkuya ɗaukar jakarta ta lura da ƙasa. Ko'ina a bakin garin nan rairayi ne fari fat, amma ƙarƙashin akwatin ƙasa ta yi duhu, ga ciyawa, ga na'ana'a ta yi luf a gindin ƙafafun.

"Ammu, wa ya shuka wannan?"

Sai dattijo ya hau gyara rawaninsa. "Allah ne mai fitar da tsiro, 'yata."

Ba ta matsa masa ba. Ta ja kujera inuwar bango ta zauna tana kallo.

Ana gama kiran azahar, ƙofar gidan da ke jikin wayar ta buɗe. Wata tsohuwa cikin baƙar riga ta fito tana jan tiyo. Ta yayyafa ƙofarta kamar yadda kowa yake yi, don ƙura ta kwanta iska ta yi daɗi. Maimakon ta koma, sai ta wuce bakin wayar, ta danne bakin tiyo da yatsa, ta jiƙa hanyar shiga, ta jiƙa kewayen akwatin sharkaf. Sannan ta ajiye tiyon a gindin waya yana ta tsiyaya, ta juya.

Nirmin ta miƙe. "Hajja, barka da rana. Kullum kike wannan aikin?"

"Hajja Nabawiyya," Ammu Shahat ya faɗa a hankali. "Maƙwabciyata."

Tsohuwa ta kalli baƙuwa sama da ƙasa. "Duk ranar zafi, tun da ɗana ya gina min nan. Yaya zan yayyafa ƙofata in bar ta maƙwabci a bushe? Ba haka uwata ta raine ni ba. Wannan bawan Allah da tsakar rana yake shiga nan, ƙasa na gasa masa ƙafa, ga shi ba nama a jiki."

"Agustan shekarar da ta wuce waccan fa?"

"Ina Umra. Wa ya gaya miki? Ke 'yar sanda ce?"

Dariya ta kusa ƙwace wa Nirmin. Ashe tuban maƙaryacin ke nan. Washegari ta rataya ma'auninta a inuwa can kan busasshen rairayi, ta gwada da na akwatin. Bambancin da ya hana ta sukuni a birni, ga shi nan ƙiri-ƙiri.

Ta samu Ammu Shahat shi kaɗai. "Ammu, ka san ƙa'ida. Ba a jiƙa ƙasar akwati."

"Na sani. Bazarar farko na je in hana ta. Lokacin mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Ta kawo min shayi, ta ce duk layin nan ni kaɗai nake gaishe ta. To da wane baki? Na ce baɗi. Baɗi ta zo na ce wata baɗin. Na riƙa gaya wa kaina ɗan ruwa me zai yi."

"Dole in rubuta, Ammu."

"Ki rubuta. Ki ce Shahat ya ji kunyar tsohuwa ya ɓata aikinsa, gaskiya ne, zan sa hannu. Amma ki dubi Allah, 'yata, kada ki rubuta maƙaryaci. Abin da ma'auni ya nuna min shi na rubuta, ban taɓa ƙara masa ba."

Ta tausaya masa ƙwarai, amma ba ta ɓoye komai ba. Ta bar lambobinsa na asali yadda suke, ta sa gyararrun a gefe, daga watan da Hajja ta tare, watannin zafi kawai, ban da watan Umra. Ta nemi a kafa sabon akwati can inda tiyo ba ya kaiwa, a bar tsohon shekara guda don a gwada su.

Da aka yi wa Hajja bayani, taɓe baki ta yi. "Mutane na gudun zafi, ku kuna tara shi a akwati. Allah ya shirya."

Ammu Shahat ya samu takardar gargaɗi kan sakaci. Ya karanta ta, ya sake karantawa yana neman kalmar da yake tsoro, bai gan ta ba. Ya yi ritaya da sunansa, har gobe shi ake kira shaida.

Ustaz Midhat kuwa, da ya gama karanta rahoton, sai ya cire tabarau.

"Nirmin, mai tashar kudu da na sa aka sallama bara kan irin wannan, akwai wanda ya je ya duba?"

"Ba wanda ya je, Ustaz."

Darasi: Lamba tana nuna maka cewa akwai matsala, amma ba ta gaya maka dalilinta. Kafin ka kira mutum maƙaryaci, tashi ka je ka gani da idonka, don lissafi ana gyara shi, sunan da aka ɓata kuwa da wuya ya gyaru. Kai kuma mai riƙe da amana, kada kunya ta hana ka faɗin abin da ya wajaba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana yanke hukunci daga kan kujera.