Farantai Sha Ɗaya na Malam Gherasim

Kun kulle baiwar Allah shekara bakwai da sunan girmama mamaci. Ba zan jero sunayenku ba, kun san kanku, kuma da yawanku kuna bin shafin nan.

Akwai wani dattijo a garinmu na kan tudu, nan Romaniya, Malam Gherasim. Maginin yumɓu ne, kuma shekara talatin yana koyar da zane a makarantar gari. Duk wanda ya iya riƙe ƙahon da ake zuba launi a ciki a yi wa faranti zane a cikinmu, a hannunsa ya koya.

Ya rasu ya bar 'ya ɗaya, Smaranda, da farantai sha ɗaya ɗanyu a kan katako, ba a kai ga gasa su ba.

Ranar sadakar arba'in tsofaffin ɗalibansa suka kafa kwamiti. Shugabansu Tavi, mai shagon tsaraba a bakin titi, ya ce ɗakin aikin Malam ya zama wurin tunawa, kada a taɓa ko tsinke.

Smaranda ta ce, "To ni a ina zan yi aiki? Keken juya yumɓun nan kaɗai gare mu."

Tavi ya yi dariya. "Haba ƙanwata, mace da keke? Ku mata zane ne naku, juyi na maza ne. Riƙe makulli, ai shi ma babban aiki ne."

Ta riƙe. Kullum ta buɗe wa baƙi, ta share, ta rufe. Ba ta iya barin gari, don babu mai buɗewa. Ba ta iya aiki, don an zagaye keken da jar igiya. Idan baƙi suka tsaya gaban farantan suna cewa Malam bai taɓa yin masu kyansu ba, sai ta juya tana goge taga.

Ranar sadakar shekara bakwai, bayan an fito daga coci, aka taru a ɗakin, ana raba dafaffiyar alkama mai zuma. Tavi ya ɗaga faranti ɗaya yana jawabi.

"Ku dubi murɗin nan na tsakiya, sawun da yatsa ya bari wajen juyi. Hannun Malam ke nan, babu mai kwaikwayonsa."

Gwaggo Floarea, tsohuwar da ta shekara hamsin tana yi wa mijinta zanen farantai, ta miƙo hannu. "Kawo nan, sarkin surutu. Shekara bakwai kun hana mu matsowa."

Ta kai shi bakin taga, ta bi murɗin da farce.

"Wannan hagu ya yi. Gherasim da ƙafar dama yake tura keke, murɗinsa ba haka yake tafiya ba. Mutum ɗaya na sani a gidan nan mai turawa da hagu."

Kowa ya juya ya kalli Smaranda.

Ta ce, "Shekara uku kafin ya rasu hannunsa yake rawa, ko cokali ba ya riƙewa da kyau. Ni nake juyawa, shi yana zaune yana gyara mini. Ban so ku san hannunsa ya mutu kafin shi."

Tavi ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Ƙanwata, a bar zancen nan a nan. In ya fita, sunan Malam ne zai zube."

"Sunan Malam?" in ji ta. "Ku ashirin ne a kwamiti, dukanku ɗalibansa. A shekara bakwai ɗin nan, wa ya yi faranti ɗaya da hannunsa? Ya ɗaga yatsa."

Babu wanda ya ɗaga. Ni ma ina wurin, alkama a hannuna, ban ɗaga ba.

Gwaggo Floarea ta kwance igiyar keken ta jefa wa Tavi. "Ungo, ka kai shago, wataƙila baƙi su saya."

Smaranda ta jiƙa yumɓu ta zauna. Ta tura keken, ya yi ƙara don tsatsa. Farantin farko ya karkace ya zube. Na biyu ma haka. Yatsunta sun sandare, shekararta hamsin da ɗaya. Ta kalli hannunta ta daɗe, sannan ta sake ɗibar yumɓu.

Yau wata takwas ke nan. Tana juyawa kullum, amma har yanzu ba ta yi wanda ya kamo ƙafar sha ɗayan nan ba. Ita da kanta ta ce mini ba ta san ko zai dawo ba.

Darasi: Malami ba ya rayuwa a ɗakin da aka kulle, a hannun mai ci gaba da aikinsa yake. Wanda ya hana mai rai aiki don ya yi wa mamaci ado, kansa yake yi wa, kuma shekarun da ya cinye ba ya iya mayarwa. Ku tura wa duk wanda ke da wata Smaranda a gidansu. In kuma akwai mai cewa ƙarya na yi, ga wurin sharhi nan, ya sa hoton farantin da ya yi.