Mai Juyi da Muryar Marigayiya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, da Allah ya hore wa murya da kunne. Yana da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a bayan shagon gyaran waya: kwamfuta ɗaya, makirfo, sai soso da aka manna a bango don kada hayaniyar titi ta shiga. Yayarsa ce ta sayar da kekunan ɗinkinta ta kafa masa, shi kuma ya riƙe ta da marayunta. Daga ɗakin nan gida biyu suke ci.

Sana'ar tasa fa? Ya ɗauki waƙar wani, ya cire baitocin, ya ɗora na barkwanci a kan kiɗan, ya sayar wa masu tura waƙa a waya. Har aka laƙaba masa Mai Juyi. Kuma ya san ƙa'ida sarai: baiti nasa ne, amma kiɗa na mai shi ne, sai da izini, sai an ba shi kasonsa. Shi dai cewa yake, "Wasa ne fa. Wa ya taɓa neman izinin wasa?"

Rannan ya kai hannu ga waƙar wani dattijon mawaƙi, ta ƙarshe da suka ɗauka da matarsa tana yi masa amshi kafin ta rasu. Ya mayar da ita ba'ar wani acici. Don son jiki ma bai sake kaɗa kiɗan ba, na asalin ya yanko ya hau kai. Waƙa ta karɓu, ko'ina sai dariya.

Dattijon ya zo da kansa, yana dogara sanda. Ya ce, "Ɗana, muryar matata ce a ƙarƙashin ba'arka. Don Allah ka janye."

Mai Juyi ya ce, "Haba Baba, ai tallata ka na yi!"

Tsohon ya juya ya tafi. Tafiyar nan ita ta hana Mai Juyi sakat. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya laɓe. Baƙuwar lamba ta kira, ya ƙi ɗauka. Ya ji waƙar a motar haya, ya sauka tun bai kai ba. Ya so ya janye, to ina? Abin da ya shiga wayoyin jama'a, wa zai kwaso shi? Yayarsa ta ce, "Wai lafiya kake ramewa haka?" Ya ce zazzaɓi ne.

Sai ga sammaci. A kotu ya rantse shi ya kaɗa kiɗansa. Aka kunna waƙar, aka rage muryarsa, sai ga amshin marigayiya tar, kowa yana ji. Dattijon ya sunkuyar da kai yana hawaye. Alƙali ya yanke diyyar da ta fi ƙarfinsa, aka zo aka kwashe kayan ɗakin kaf.

Yayarsa tana tsaye a bakin ƙofa ana fitar da su. Ba ta yi zagi ba. Cewa kawai ta yi, "Ƙanena, me zan gaya wa yaran nan?"

Ya 'yan uwa, haƙƙi haƙƙi ne, ko da ba a riƙe shi a hannu. Waƙa gumin mai ita ce. Sau nawa muke tura abin wani, mu ci riba, mu ce wasa ne? Neman izini bai taɓa rage kowa ba. Kuma in haƙƙi ya tashi kamu, ba mai laifin kaɗai yake kayarwa ba, har da waɗanda suka jingina da shi.

Allah ya kiyaye mu da cin gumin wani, ya sa mu sauke haƙƙin mutane tun muna da iko. Amin.