Mazubin Tabawa

Shekarar da ambaliya ta share Gangaren Tsamiya, aka kawo agajin gero da kwanon rufi, aka jibge a gidan Dagaci Tanimu. Kwanon dai ba a sake jin labarinsa ba. Geron kuwa, dagaci ya ce na wanda ruwa ya tafi masa da komai ne, kuma kowa ya zo da mazubinsa.

Wanda ya zo da buhu, sai dagaci ya ce masa, "Ashe ruwa ya rage maka wani abu." Wanda ya zo hannu rabbana, ya ce, "To, a ina zan zuba maka?"

Ana haka sai ga Tabawa mai daddawa, mutanen gangaren kaf suna biye da ita.

"Ranka ya daɗe, geron nan namu ne?"

"Naku ne mana, in da mazubi."

Tabawa ta shafa cikinta. "Ga shi mun zo da shi, kuma wayam yake. Illarsa ɗaya, ba ya ɗaukar buhu a zama guda. Sai dai mu tare a gidanka, muna zubawa safe da yamma har geron ya ƙare. Ina madafi? Yara, ku shiga turakar Baba ku kwanta."

Dagaci ya miƙe zumbur. "Wa ya ce sai da mazubi? Ku kwashe shi da buhunansa!"

"Allah ya ƙara maka tausayi. Amma a wane ɗaki za mu ajiye? Kwanon rufin nan da ke bayan rumbunka, shi ma mazubi yake jira?"