Gilashin Motar Goge-Goge

Akwai wani mutum da abokansa suka laƙaba wa suna Goge-Goge, saboda kullum tsumma na hannunsa yana goge motarsa. Kai, ko ƙuda ne ya sauka a kanta sai ya bi wurin ya goge.

Ana nan sai makullin ƙofofin motar ya fara yi masa wasa da hankali. Yau ya danna rimot ta ƙi buɗewa, gobe ta kulle kanta ba wanda ya taɓa ta. Ya kai wa mai gyaran wayar mota. Aka duba fis, lafiya lau. Aka canza batirin rimot, ba ta canza zani ba.

Mai gyara ya ce, "Oga, wayar da ta shiga ƙofar direba nake zargi. Sai na ɓalle murfin ƙofar na gani."

"Ka ɓalle me? Ka ƙwarzane mini mota? A'a, bar ta."

Shi ya samo tasa dabarar: in ta ƙi, sai ya ɗan mari ƙofar, ta buɗe. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce: "Maman Auta, ni na san halin motata."

Wata rana da tsakar rana suka fito daga kanti, rana kamar ta fasa kai. Matar ta kwantar da jaririyarsu Auta a kujerar baya, ta rufe ƙofa, ta koma ɗauko kaya. Shi kuma ya hango tabo a gilashi. Ya jefa makulli kan kujera, ya tura ƙofa, ya zaro tsumma.

Ƙwas! Duk ƙofofin suka kulle.

Ya yar da tsumma. Ya mari ƙofar, shiru. Ya sake mari, shiru. Ya ja kowace ƙofa, ya ja but ɗin baya, ko motsi.

Matar ta watsar da kaya ta rugo. "Baban Auta, ina ɗayan makullin?"

Ɗayan makullin ma yana cikin motar. Can yake ɓoye shi don kada ƙannensa su ari motar in ba ya nan.

Auta ta fara tsala kuka, zufa ta jiƙa mata wuya. Nan da nan ya kira mai gyara.

"Oga, na yi nisa. Ka ce jaririya na ciki? A ranar nan? Fasa gilashi!"

Ya ɗauki dutse. Amma wallahi, jama'a, sai ga bawan Allah yana zagaya mota yana leƙen gilasai, yana neman wanda ba zai ɓata mata kyau ba. Wannan ya yi girma. Wancan ba a samun irinsa.

Sai kukan ya tsaya.

Ya leƙa, ya ga kan Auta ya langaɓe gefe. Tsoron da bai taɓa ji ba ya kama shi. Bai san lokacin da ya rotsa gilashin direba ba, ya zura hannu gilashi na yankarsa, ya buɗe. Uwar ta fizgo 'yarta, aka shafa mata ruwa, suka yi asibiti a guje. A hanya Auta ta ja numfashi ta fashe da kuka.

Likita ta ce Allah ya rufa asiri, da an ƙara jimawa da labarin ya canza.

A bakin ɗakin likita, matar ta dubi hannunsa da aka naɗe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na gan ka, Baban Auta. 'Yarka na ciki, kana zaɓen gilashi."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

Washegari da kansa ya ce wa mai gyara, "Ɓalle duk abin da za ka ɓalle." Aka buɗe, sai ga siririyar waya ɗaya da ta goge har ta kusa tsinkewa.

Darasi: Ƙaramar matsalar da ka ƙi gyarawa yau, ba ka san ran wa za ta taɓa gobe ba. Kuma kada son abin hannunka ya sa ka tsaya tunani alhali ran naka na cikin haɗari. Ku tura wa duk mai mota da ke cewa "haka nake lallaɓa ta."