Ranar da Ƙarfe Ya Yi Tafiya a Cikin Ruwa

Jama'ar wannan shafi, akwai wani mai walda da ake wa laƙabi da Ƙarfe. Gwani ne, ban hana shi ba, amma bakinsa ya fi injin yankansa kaifi. Shagonsa na ƙasa, iyalinsa na saman bene, kullum kuma maganarsa ɗaya ce: "Da ƙafata na tsaya, ba wanda ya taɓa ɗaga ni."

Ƙaninsa, Auta, kullum yana jin wannan magana. Alhali shi ke awo, shi ke lallashin mai ƙofar da aka saɓa wa alkawari, shi ke kai yara makaranta. An sha yi masa tayin aiki a wani gari yana ƙi, wai ba zai bar Yaya ba.

Wata rana Ƙarfe ya faɗo daga tsani, bayansa ya bugu, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Daga nan Auta ya zama ƙafarsa. Ya goyo shi daga bene, ya kai shi asibiti, ya sake goya shi sama, gumi na ɗiga. Ko sannu bai taɓa samu ba.

Da aka kwana biyu, likitan gashin ƙashi ya sa aka shigar da Ƙarfe wani babban kwamin ruwan ɗumi, ruwa har wuya. Ya ɗaga ƙafa, ta ɗagu. Ya taka, ya ƙara takawa, sai ga shi a ɗaya gefen.

Auta ya fashe da kukan murna. "Yaya, ka taka! Wallahi ka taka!"

Wani da hamdala zai fara. Shi kuwa Ƙarfe harara ya ɗago.

"To ka gani da idonka. Sai ka daina yawo kana cewa kai ke ɗauke da ni. Dama jira kake in mutu a kwance ka gaje shago. Ajiye min makullaina, cima-zaune kawai!"

Auta ya sa hannu a aljihu. Ya share ido, ya ɗora makullan a kan tawul, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Yaya." Ya fita.

Likita ya ce, "Malam, dakata a kawo keken marasa lafiya."

Ina! Ƙarfe ya kama matakala. Ruwa ya sauka zuwa ƙirji, ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti. Ya sauka zuwa ƙugu, cinyoyi suka fara rawa. Yana kaiwa gwiwa sai ya zube, haɓarsa ta daki dakali.

Likita ya tallafe shi, ya ce, "Duk abin da ya shiga ruwa, ruwan na tura shi sama daidai nauyin ruwan da ya ture. Lokacin da kake ciki har wuya, kusan duk nauyinka ruwa ne ya ɗauka, ɗan kaɗan ya bar wa ƙafafunka. Nauyin bai je ko'ina ba, Malam. Ba ka dai ji shi ba ne."

Ƙarfe ya juya wajen ƙofa, jini a haɓa. "Auta!"

Auta ya riga ya yi nisa. Kafin mako ya zagayo, Auta ya karɓi aikin nan ya bar gari.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne matar Ƙarfe ta gwada goya shi, ta kasa. Maƙwabta kuwa, wa ya rage da bai zaga ba? Yanzu katifarsa na cikin shago, tsakanin ƙofofin da ba a gama ba. Yana jin takun 'ya'yansa a saman benen da yake cewa shi kaɗai ya gina, ba shi da mai hawa da shi.

Darasi: In ka ji rayuwa ta yi maka sauƙi, duba da kyau, wataƙila wani ne ke ɗauke da nauyinka bai faɗa ba. Gode masa tun yana kusa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda ya manta waye ya goya shi.