Awarwaron da Gwani Ya Ƙi Sawa

Akwai wani injiniya da ke kula da ɗakin kwamfutoci na wani asibiti, ana ce masa Gwani. Kuma gaskiya ya iya aiki, ba zan cuce shi ba. Matsalarsa ɗaya ce, ba a faɗa masa.

Manyan kwamfutoci biyu ne a ɗakin, ɗaya na aiki, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Duk hoton ƙwaƙwalwar da aka ɗauka a asibitin ta nan yake bi ya isa ga ƙwararren likitan da ke karantawa a wani gari.

Ɗakin sanyi ƙalau, iskarsa a bushe. A irin wannan wuri lantarki yakan taru a jikin mutum, irin wanda ke ɗan tsikarinka in ka taɓa ƙofar mota. Kai ba zai yi maka komai ba, amma yana iya ƙona cikin na'ura ba hayaƙi ba ƙauri. Shi ya sa kafin a taɓa fanel, wato allon lantarkin da ke cikin kwamfuta, ake ɗaura wata igiya mai waya a wuyan hannu, a maƙala bakinta a jikin ƙarfe, wutar ta bi ta tafi.

Gwani awarwaron mata yake kiran igiyar.

Abokiyar aikinsa kuwa, wadda ya laƙaba wa Madam Doka, ko noti ɗaya ba ta kwancewa sai ta ɗaura igiyar. Da ya shimfiɗa kafet a ɗakin wai ƙafarsa na sanyi, ta yi magana har ta gaji, don kafet na ƙara tara lantarki a jiki.

Ranar da aka kawo sababbin fanel guda biyu, Gwani ya yage ledojinsu masu ƙyalli tun daga bakin ƙofa. Ya taho yana jan takalmi a kan kafet, ga rigar sanyi ta roba a jikinsa.

"Oga, don Allah ka ɗaura igiyar," in ji Madam Doka. "Minti ɗaya ne."

"Shekara ashirin ina wannan aikin, Madam. Kin taɓa ganin hannuna ya kashe na'ura?"

"Ai ba a take take mutuwa ba, Oga. Rauni take yi a ciki, sai ranar da ta ga dama."

Ya yi dariya, ya danna fanel ɗin farko cikin kwamfuta ɗaya da babban yatsa, ya danna na biyu cikin ɗayar. Ya kunna, fitilu suka kawo kore shar. Ya ɗaga mata hannuwansa kamar mai jiran tafi. Ita dai ta tsince ledojin.

Bayan sati uku kwamfuta ta farko ta tsaya. Gwani ya ce kayan zamani ne ba su da ƙarko. Aka koma kan ta biyun, aka aika a kawo wani fanel.

Kwana huɗu bayan haka, wajen ƙarfe goma na safe, ƙanwarsa ta kira shi.

"Yaya, Baba ya faɗi. Bakinsa ya karkace. Ga mu nan a asibitinku."

Tsohon nan duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin ɗansa. Cewa yake yi, "Ɗana ne ke riƙe da asibitin nan."

Likita ta ce akwai allurar da za ta iya ceto shi, amma lokacinta ƙanƙane ne, kuma sai ƙwararre ya ga hoton kan tukuna, don in jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa, allurar kashe shi za ta yi. Aka ɗauki hoton. Aka tura, ya ƙi tafiya.

Gwani ya ruga ɗakin kwamfutoci, ya tarar da Madam Doka durƙushe gaban ta biyun, fitilarta ja wur. Ya kashe ya kunna. Ya canza wayoyi. Zufa na ɗiga daga haɓarsa a cikin wannan sanyin. Suka ɗauki hoton da waya suka aika, ƙwararren ya ce ba zai yanke hukunci kan ran mutum da abu dishi-dishi ba.

Dole aka sa Baba a mota zuwa wani asibiti. Kafin su isa, lokacin allurar ya wuce.

Baba bai mutu ba. Amma ɓarin jikinsa na dama ya tafi, maganarsa ma ta tafi.

Da rahoton masu binciken da aka aika wa fanel ɗin ya dawo, Madam Doka ta ajiye masa a tebur ta koma bakin aikinta. Fanel ɗin duka biyu suna da ƙuna wadda ido ba ya gani, a gefe, daidai inda ake dannawa da yatsa. Gwani ya daɗe yana kallon babban yatsansa. Da ta yi masa gori ma da ya fi masa sauƙi.

A ranar, shi da kansa ya naɗe kafet ɗin ya fitar. Yanzu ba wanda ya kai shi ɗaura igiya.

Kullum da yamma shi ke ba Baba abinci a baki. Wata rana wani maƙwabci ya shigo dubiya, sai tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya da ƙyar, ya nuna ɗansa, idonsa cike da alfahari kamar da. Leɓensa na motsi, kalma ta ƙi fita. Kowa a ɗakin ya san abin da yake son faɗa.

Gwani ya ajiye cokalin ya fita waje yana kuka. Har yau bai iya faɗa wa Baba gaskiyar abin da ya faru ba.

Darasi: Ƙa'idar da ka raina don ba ka ga illarta a take ba, tana iya jiran ka a ranar da ba ka da minti ɗaya na ɓatawa. Komai ƙwarewarka, saurari mai tuna maka. Ku tura wa duk mai aikin da rayukan mutane ke rataye a hannunsa.